Waiwaye: Jar ganuwar da ke tsakiyar gonakin Faransa

Duk wanda ya saba ganin ganuwar Kano ko ta Damagaram, idan aka sauke shi a bayan garin Chasselay, arewa da birnin Lyon, sai ya murje ido ya sake dubawa. Ga jar katanga mai zankwaye irin ginin ƙasar Mali, ga ƙatuwar ƙofar katako da aka sassaƙa wa fuskoki takwas, kewaye kuma gonaki ne na Turawa. Tata ake kiran wurin, kalmar da a yammacin Afirka ke nufin katangar ƙasa da ta kare gari. Kaburbura 196 ne a ciki, 188 daga ciki na sojojin da Faransa ke kira 'yan Senegal.

Sunan ma kansa rufa-ido ne. Faransa ta ɗebo su daga duk ƙasashen da take mulka a yammacin Afirka, har da Nijar, ta haɗa su ta liƙa musu suna ɗaya.

Labarin ya faro ne a Yunin 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Faransa ta riga ta durƙusa a gaban Jamus. Ranar 17 ga wata Marshal Pétain, shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya ce a daina yaƙi, aka kuma bar Lyon a buɗe don kada a ragargaza shi. Amma sai aka umarci runduna ta 25 ta waɗannan sojoji ta tare wa Jamusawa hanya a arewacin birnin. Suka tsaya. Ranar 19 da 20 ga wata suka fafata a gidan 'yan zuhudu na Montluzin da cikin Chasselay, har harsashi ya ƙare suka miƙa wuya.

Abin da ya biyo baya ba yaƙi ba ne. Sojojin Hitila sun ware farare gefe, suka kora baƙaƙe wajen hamsin zuwa wani fili da ake kira Vide-Sac, suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki, sannan suka bi ta kan masu sauran numfashi. Kwana biyu kacal ya rage a sa hannu kan tsagaita wuta.

Jamusawa sun hana a binne su. Mutanen garin suka ƙi jin wannan magana, suka haƙa rami suka rufe gawarwakin, suka adana abin da ya saura na shaidar sunayensu. Daga baya Jean Marchiani, jami'in da ke kula da 'yan mazan jiya a yankin, ya nemo filin, ya bi jama'a neman gudummawa, ya sa aka tono gawarwakin da ke warwatse a garuruwan kewaye aka tara su wuri guda. Har ƙasa aka kawo daga Dakar aka zuba. An buɗe makabartar ranar 8 ga Nuwamban 1942, kwana uku kafin Jamusawa su mamaye kudancin Faransa.

Nan ne abin yake ci mini rai. Ƙauyawa sun yi halacci tun yaƙi na ci, hukuma kuwa sai 1966 ta mai da wurin makabartar ƙasa. A tsakani ga kisan sansanin Thiaroye da ke kusa da Dakar a Disamban 1944, inda sojojin Faransa suka harbe takwarorin waɗannan mamata don sun nemi haƙƙinsu, ga kuma daskarar da fanshonsu da aka yi a 1959.

Shekara da shekaru ana ɗora kisan Chasselay kan SS, rundunar musamman ta jam'iyyar Hitila, sai a 2019 wasu hotuna da wani sojan Jamus ya ɗauka suka ɓullo, suka nuna tankokin rundunar sojan Jamus ta yau da kullum ce. A Janairun 2022 aka kafa alluna ɗauke da sunayen ƙarin sojoji 25 a jikin katangar. Kaburbura da dama dai har yau babu suna a kansu.