Waiwaye: Kakar ƙwallon ƙafa ta 2018 a Ayislan, daga filin gida zuwa Rasha

Yawancin masu kallon ƙwallo a ƙasar Hausa sun san Ayislan ne a rana ɗaya, 22 ga Yunin 2018, lokacin da Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya zura mata ƙwallo biyu a birnin Volgograd na Rasha. Ba kowa ne ya lura ba cewa a daidai wannan lokaci gasar lig ta ƙasar tana tsakiyarta, alhali sauran manyan gasannin Turai duk sun tafi hutu. Wannan bambanci na kalanda shi ne bakin zaren. Wanda ya kama shi zai gane yadda ƙasa mai mutane kimanin 350,000 ta kai gasar cin kofin duniya, ya kuma gane dalilin da ya sa tauraronta bai daɗe a sama ba.

Sanyi ne ke tsara komai. A birnin Reykjavik, hasken rana a ƙarshen Disamba bai wuce awa huɗu da 'yan mintuna ba, a watan Yuni kuwa yakan kai awa 21. Ciyawa ba ta farkawa sosai sai cikin Mayu. Abin da ya fi kashe fili shi ne ruwan da ya narke ya sake daskarewa, ya yi wa ciyawa murfin ƙanƙara na tsawon makonni har ta shaƙe ta mutu. Shi ya sa tun da aka fara gasar a 1912, wadda ƙungiyar KR ta fara lashewa, ake buga ta da bazarar Turai. A da filayen tsakuwa ne ma suka fi yawa. Hukumar ƙwallon ƙasar, KSÍ, an kafa ta a 1947, kuma shekaru da dama tawagar ƙasar ba ta wuce abin ɗumama jiki ga maƙwabta ba. Har yau ana tuna cin 14 da 2 da Danmak ta yi mata a 1967. Gwanaye ɗai-ɗai sun fito, irin su Albert Gudmundsson da ya buga wa Arsenal da AC Milan, da Eidur Gudjohnsen na Chelsea da Barcelona, amma mutum ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sauyin ya soma ne a 2000, da aka buɗe filin farko mai rufi mai cikakken girma a Keflavik. Wasu suka biyo baya a Kopavogur da Reykjavik da Akureyri da Akranes. Ginin ba wani abin al'ajabi ba ne, babban zaure ne da ciyawar roba a ciki. Ƙananan hukumomi ne ke ginawa su riƙe, ƙungiyoyin unguwa su raba lokacin amfani da shi. Sai ƙananan filaye sama da 100 da aka shimfiɗa a harabar makarantu da tallafin UEFA, hukumar ƙwallon Turai, da filayen roba na waje waɗanda ake bi ƙarƙashinsu da bututun ruwan zafi, wanda ƙasar ke samu daga cikin ƙasa cikin araha. Yaron da a da yake buga ƙwallo wata huɗu ko biyar a shekara ya koma buga ta wata goma sha biyu.

Gini kaɗai ba ya koyar da ƙwallo. A farkon shekarun 2000 KSÍ ta fara gudanar da kwasa-kwasan lasisin UEFA na matakin B da A a cikin gida, ta kuma sanya takardar shaidar masu horar da yara cikin sharuɗɗan ba ƙungiya lasisi. Masu riƙe da wannan takarda suka kai ɗaruruwa. Mai horar da 'yan shekara shida ana biyan sa, ba uban wani yaro ne da ya zo taimako ba. Iyaye ne ke biyan kuɗin horo, ƙaramar hukuma ta rage masu wani kaso. Yaran farko da suka tashi cikin wannan tsari su ne suka kai gasar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 21 a 2011, cikinsu akwai Gylfi Sigurdsson da Aron Gunnarsson da Johann Berg Gudmundsson da Alfred Finnbogason da Kolbeinn Sigthorsson da Birkir Bjarnason. A riƙe waɗannan sunaye, domin duk labarin a kansu ya rataya.

Wanda ya haɗa su ya mayar da su tawaga shi ne Lars Lagerbäck ɗan Suwidin, wanda ya jagoranci Najeriya a gasar duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. Ya kama aiki a farkon 2012, shekarar da ƙasar ta faɗi zuwa ta 131 a jerin FIFA. Tsarinsa ba ɓoyayye ba ne: huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba, layuka a matse, a bar wa abokin hamayya ƙwallo, a jira bugun kusurwa ko doguwar jifa daga hannun Gunnarsson, wani ya karkata ta da kai, wani ya ƙarasa. Kuroshiya ce ta tare su a wasan cike gurbi na gasar duniya ta 2014. A hanyar zuwa gasar Turai ta 2016 suka doke Holan gida da waje, a Faransa kuma suka fitar da Ingila da ci 2 da 1 a birnin Nice, kafin masu masaukin baƙi su yi masu 5 da 2. Lagerbäck ya tafi, abokin aikinsa Heimir Hallgrimsson, likitan haƙori daga tsibirin Heimaey, ya ci gaba shi kaɗai. Ya ja rukuninsu na neman zuwa Rasha da maki 22, a gaban Kuroshiya da Yukren da Turkiyya, aka tabbatar da tikitin ranar 9 ga Oktoban 2017 da cin Kosovo 2 da nema. A lokacin babu ƙasa mai ƙarancin jama'a irinta da ta taɓa zuwa gasar. A farkon 2018 suna na 18 a duniya.

To, yaya gasar gida take a wannan shekara? Ƙungiyoyi 12 ne, kowa ya kara da kowa gida da waje, wasa 22, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, biyun ƙarshe su sauka. Takwas daga cikinsu suna Reykjavik ne da garuruwan da ke manne da shi. Sauran huɗun su ne Keflavik da Grindavik, da KA ta Akureyri can arewa, da ÍBV ta tsibiran Vestmannaeyjar, wadda zuwa wajenta sai da jirgin ruwa ko ƙaramin jirgin sama, idan teku ta yi fushi kuma a ɗage wasa. Da yake gasar gajera ce, shirin shiga cikinta ya kusa kai ta tsawo: gasar birnin Reykjavik a Janairu, sai kofin lig daga Fabrairu zuwa Afrilu, akasari a cikin zaurukan nan. Yawancin 'yan wasa suna da wani aiki ko karatu, atisaye sai da yamma. Wasu ma ɗalibai ne a jami'o'in Amurka, da Agusta ta kama sai su koma makaranta, su bar koci da giɓi a daidai lokacin da ake rububin maki. 'Yan kallo a wasa ɗaya sukan tsaya wajen dubu ɗaya.

Valur ce ta kare kambunta a 2018, Breidablik ta zo ta biyu, Stjarnan ta uku. Ɗan Danmak Patrick Pedersen na Valur ne ya fi kowa cin ƙwallo. Fjölnir da Keflavik suka sauka, Keflavik ma ba ta ci wasa ko ɗaya ba duk kakar, abin mamaki ga garin da ya fara samun fili mai rufi. Kofin ƙalubale, wanda a shekarar aka raɗa wa suna Kofin Madara saboda kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa, Stjarnan ce ta ɗauka karon farko bayan doke Breidablik a bugun fenareti. A ɓangaren mata Breidablik ta haɗa lig da kofi, tawagar matan ƙasar kuma, wadda ta je har Jamus ta ci 3 da 2 a 2017, ta sha kashi 2 da nema a wasan ramuwa a Reykjavik, gurbin gasar duniya ta 2019 ya kuɓuce mata.

Abin lura a nan shi ne kusan babu alaƙa tsakanin wannan tebur da tawagar da ta je Rasha. Ayislan tana cikin yankin tattalin arzikin Turai, kuma dokar FIFA ta yarda yaro ya sauya ƙasa a cikin yankin tun yana da shekara 16. Don haka gwanin yaro sau da yawa ba ya jiran babbar ƙungiyar garinsu. Sigurdsson ya tafi Reading yana matashi, bai buga babbar gasar ƙasarsa ba sai a 2024 da ya dawo gida ya shiga Valur. Gunnarsson ya bar Akureyri zuwa AZ Alkmaar a 2006. A 2018 Sigurdsson yana Everton, Gudmundsson yana Burnley, Gunnarsson yana Cardiff, Finnbogason yana Augsburg. Wanda ya fito daga gasar gida ya samu gurbi a sahun farko shi ne ɗan baya Birkir Mar Saevarsson na Valur, wanda ke haɗa ƙwallo da aiki a masana'antar gishiri.

Alamun gajiya sun bayyana tun kafin tafiya. Meziko da Peru sun doke su a Maris, Nowe, wadda Lagerbäck ya koma horarwa, ta ci su 3 da 2 a gidansu, sannan Ghana ta farke ƙwallo biyu aka tashi 2 da 2 a Reykjavik, Thomas Partey ne ya ci ta ƙarshe. Sigurdsson da Gunnarsson duk daga jinyar gwiwa suka taso. Duk da haka ranar 16 ga Yuni a Mosko suka riƙe Ajantina 1 da 1, Finnbogason ya farke ƙwallon Agüero, mai tsaron raga Hannes Halldorsson ya tare fenaretin Messi.

Wasan Najeriya ne ya tona asirin tsarin. Da Ajantina aikinsu tsaro ne, kuma sun iya. Da Najeriya nasara suke buƙata, sai Hallgrimsson ya sa 'yan gaba biyu, ga shi Gudmundsson ya ji rauni ba ya ciki. Kafin hutun rabin lokaci su ne suka fi barazana. Amma doguwar jifa tana da farashi: sai manyan 'yan baya sun hau gaba, idan aka fitar da ƙwallon bayansu a buɗe yake. A minti na 49 Najeriya ta kai harin ba-zata, Victor Moses ya bugo daga dama, Musa ya tare ya narka. A minti na 75 aka cilla masa doguwar ƙwallo, ya tsere wa Kari Arnason mai shekara 35, ya yanke mai tsaron raga ya ƙara. Ga zafin Volgograd da ya haura digiri 30 a kan mutanen ƙasar sanyi. Fenaretin da aka ba su bayan duba na'urar VAR, Sigurdsson ya ɗaga shi sama. Kuroshiya ta ƙarasa su 2 da 1, suka koma gida da maki ɗaya. Hallgrimsson ya ajiye aiki a Yuli.

Matsayinsu mai kyau ya zame masu kaya. Shi ya jefa su rukunin manya a sabuwar gasar ƙasashen Turai ta Nations League. Wasan farko na sabon koci Erik Hamrén, Siwizalan ta yi masu 6 da nema, Beljiyam ta biyo da 3 da nema a Reykjavik, suka rasa wasanni huɗun duka. Duk shekarar 2018 ba su ci wasan gasa ko ɗaya ba. Ƙasa mai miliyoyin mutane tana da wanda zai maye gurbin wanda ya tsufa ko ya ji rauni. A nan, idan uku cikin shidan nan ba sa fili, matakin tawagar gaba ɗaya ne ke sauka. Wata babbar dama ta zo masu a Nuwamban 2020 a Budapest, suna gaba da ci ɗaya har minti na 88, Hangari ta zura biyu ta ƙwace gurbin gasar Turai.

Ƙungiyoyin gida kuwa, a gasannin Turai kalandar tana ba su da hannun dama ta karɓe da hagu. A Yuli suna tsakiyar kaka, jikinsu ya saki, abokan karawarsu daga ƙasashe masu gasar hunturu ba su gama atisaye ba. Haka Stjarnan ta fitar da Motherwell da Lech Poznan a 2014 kafin Inter Milan ta tsayar da ita. Amma zakaran da aka naɗa a Satumba sai bayan wata tara ko goma yake shiga gasar zakarun Turai, lokacin an riga an saye gwanayensa. A 2018 Valur ta ci Rosenborg ta Nowe ɗaya da nema a gida, ta sha 3 da 1 a Trondheim, ta gangara gasar Europa, Sheriff ta Moldoba ta fitar da ita. Kafin Agusta ta ƙare babu ƙungiyar Ayislan ko ɗaya da ta rage.

Gyaran ya zo daga baya. Da ƙungiyoyi da yawa suka koma ciyawar roba, a 2022 aka tsawaita gasar: bayan wasa 22 a raba tebur gida biyu, shidan sama da shidan ƙasa, kowa ya ƙara wasa biyar, jimilla 27, daga Afrilu zuwa Oktoba. UEFA kuma ta ƙirƙiro gasa ta uku, Conference League, a 2021. Breidablik ta zama ƙungiyar maza ta farko da ta kai matakin rukuni a 2023, ko da yake ta rasa wasanni shidan. Vikingur ta wuce nan a kakar da ta biyo, ta doke Cercle Brugge 3 da 1, ta tsallaka zagayen gaba. Sai dai wasanta na gida da Panathinaikos a Fabrairun 2025 a Helsinki, babban birnin Finlan, ta buga shi, saboda a lokacin babu fili a Ayislan da ya cika sharuɗɗan UEFA a tsakiyar hunturu. Ta ci 2 da 1 a can, aka yi mata 2 da nema a Atina.