Iyakar riƙon ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci

Riƙon ɗan lokaci shi ne ikon ƙwaƙwalwa na ajiye ɗan bayani na wasu daƙiƙu, kamar lambar waya da aka karanta wa mutum kafin ya rubuta ta. Idan ana sarrafa bayanin yayin da ake riƙe da shi, kamar a lissafin da ake yi da ka, masana halayyar ɗan Adam suna kiransa riƙon aiki, sunan da ya yaɗu bayan nazarin Alan Baddeley da Graham Hitch na 1974. Dukansu biyu suna da iyaka ƙarama.

Tarihin aunawa

Ana danganta gwajin farko da Joseph Jacobs, wanda a 1887 ya riƙa karanta wa ɗalibai jerin lambobi a Landan, su maimaita bi da bi. A 1956 George Miller na Jami'ar Harvard ya wallafa maƙalar da ta shahara da cewa adadin abubuwan da mutum yake iya riƙewa a lokaci guda bakwai ne, da ragi ko ƙarin biyu. Abin da ya fi muhimmanci a cikinta, ko da yake an fi tuna adadin, shi ne cewa ƙwaƙwalwa dunƙule take ƙirgawa, ba ɗaiɗaikun lambobi ba. Shi ya sa mai faɗin lambar wayar Najeriya mai lambobi 11 yakan yanka ta gida uku, yana ɗan tsayawa a tsakani.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na wani ɗalibi a Jami'ar Carnegie Mellon, wanda aka ba da rahotonsa a 1980. Bayan atisaye na sama da awa 230, ya tashi daga riƙe lambobi bakwai zuwa kusan 80, domin ɗan tseren gudu ne, yana ɗaukar kowane rukunin lambobi a matsayin tsawon lokacin da aka ɗauka wajen kammala wani tsere. Da aka gwada shi da haruffa, sai ya koma wajen shida.

Tsawon kalma

A 1975 Baddeley da abokan aikinsa sun nuna cewa mutum yana riƙe abin da zai iya furtawa cikin kimanin daƙiƙa biyu. Saboda haka masu magana da Sinanci, waɗanda sunayen lambobinsu gajeru ne, sukan riƙe fiye da masu Turanci. A Hausa kuwa, daga ɗaya har tara kowace lamba gaɓa biyu ce.

Saɓani

A 2001 Nelson Cowan ya kawo hujjar cewa idan aka hana maimaitawa a zuci da dunƙulewa, iyakar ta tsaya wajen huɗu, adadin da ya zo daidai da sakamakon binciken masana Luck da Vogel na 1997 kan riƙon abin da ido ya gani. Wasu masana na ganin babu ƙayyadaddun gurabe, ƙarfi ɗaya ne ake rabawa, ingancin riƙon yana raguwa gwargwadon yawan abubuwan. Ba a daddale ba.