Dokar kashi 5 ta Ostireliya: me matan da ke saƙa da ciyawa suke samu a gaskiya?

Duk sanda hoton saƙar matan Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar Ostireliya, ya zagayo, irin karnuka da ƙadangaru da mutum-mutumin da suke ɗaurawa da ciyawar daji da zare, sai ka ji wani ya ce ai waɗannan sun haye, gwamnatinsu ta yi doka duk wanda ya sayi kayansu sai ya biya su kashi 5 har abada. Wani kuma ya ce in ka sayi kwando ɗaya ka jawo wa kanka haraji. Duka biyun ba haka ba ne.

Dokar ta 2009 ce, ta fara aiki ran 9 ga Yunin 2010, kuma ba ta Aborijin kaɗai ba ce, duk mai fasaha ɗan ƙasar yana ciki, zane, sassaƙa, saƙa, hoto. Abin da ya taso da ita sananne ne. Clifford Possum, wani mai zane ɗan Aborijin, ya sayar da wani zanensa dala 1,200 ta Ostireliya a 1977, a 2007 aka yi gwanjonsa dala miliyan 2.4, ko sisi bai je wa iyalinsa ba daga cinikin.

To ga inda mutane ke ruɗewa. Kuɗin ba a cinikin farko yake fitowa ba. In mace ta saƙa abu ta kai gasa aka saya a wajen baje koli, ta karɓi kuɗinta, shikenan, babu wani kashi 5. Sai ranar da wanda ya saya ya sake sayarwa, kuma sai in da dillalin fasaha ko gidan gwanjo ko galari a cikin cinikin, kuma farashin ya kai dala 1,000. In kai da abokinka ne kuka yi a tsakaninku, doka ba ruwanta. Kashi 5 ɗin kuma daga farashin gabaɗaya ake cirewa, ba daga riba ba, ko da faɗuwa mai sayarwa ya yi. Haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai aikin, magada su ci, kuma ba a sayar da shi ba a yafe shi, don kada wani mai wayo ya zo ƙauye da takarda ya ce gwaggo dangwala nan.

Akwai kuma wata gaɓa mai ɗaci. Aikin da aka riga aka saya kafin 9 ga Yunin 2010, sayarwar farko bayan ranar ba a biyan komai, sai ta biyu. Kenan tsofaffin da aka fi cuta su ne za su fi daɗewa suna jira.

Ni dai iyakar dala 1,000 ɗin nan ce ke damuna. Eh, matan ƙungiyar masaƙa ta Tjanpi Desert Weavers sun ci babbar kyautar Telstra ta fasahar Aborijin a birnin Darwin a 2005 da motar Toyota da suka saƙa da ciyawa, irin wannan babban aiki zai wuce iyakar. Amma yawancin abin da mace ke yi kullum ƙaramin kwando ne ko ɗan kare, bayan ta shiga daji ta yanko ciyawa ta zauna kwana da kwanaki tana ɗinki kamar mai faifai, kuma irinsu da wuya su kai dubu. Masu zanen fenti ne suka fi morar dokar.

Sannan kar a ɗauka dokar tana ba da kariya ga labarin da ke cikin saƙar. Siffar Yawkyawk ɗin da masaƙiya Lena Yarinkura ke saƙawa a yankin Maningrida, ruhin macen ruwa ce, labarin danginta da ƙasarsu ne. In wani kamfani ya kwaikwayi salon ya cika shagunan tsaraba da jabu, wannan dokar ba ta da abin cewa, sai dai a bi ta dokar kare masu saye, kamar tarar dala miliyan 2.3 da kotu ta ci kamfanin Birubi Art a 2019 kan kayan da aka yi a Indunusiya ana nuna kamar aikin hannun Aborijin ne.