Waiwaye: Waƙafin da ke tarwatsa jadawali

Wata rana na buɗe fayil ɗin CSV, wato jadawalin da aka ajiye a matsayin rubutu zalla, na sunayen 'yan wata ƙungiyar adashe, sai na tarar da komai ya hargitse. Adireshin da aka rubuta "Layin Kuka, Fagge, Kano" ya rabu gida uku, Fagge ta zauna a gurbin lambar waya, naira 25,000 kuma ta koma 25 a nan, 000 a can. Har yau abin na ci mini rai, domin kuɗin mutane ne.

Matsalar ta girmi shafukan intanet. Tsarin CSV mai sauƙi ne: kowane layi bayanin abu ɗaya, waƙafi kuma shi ke raba gurbi da gurbi. Tun 1972 harshen rubuta manhaja na Fortran na kamfanin IBM yake karɓar bayanai a haka, kuma zuwa 1983 sunan CSV ya riga ya shiga bakin masu kwamfuta. Sai dai an ɗora wa waƙafi aiki biyu: ga shi katanga tsakanin gurabe, ga shi kuma cikin rubutun yau da kullum. Kwamfuta ba ta san wanne ne wanne ba.

Abin takaici, ASCII, wato jerin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, yana da alamomi na musamman don wannan aikin, lamba 30 mai raba layuka da 31 mai raba gurabe. Amma ido ba ya ganinsu, ba su da maɓalli a kibod, sai aka yi watsi da su.

Maganin da aka samo shi ne a kulle duk gurbin da ke da waƙafi cikin alamar zancen wani. To idan alamar kanta tana cikin rubutun fa? Sai a ninka ta sau biyu. Shekara da shekaru kowace manhaja tana bin nata salon, sai a Oktoban 2005 Yakov Shafranovich ya tattara waɗannan ƙa'idoji a takardar RFC 4180. Ita ma ba doka ba ce, bayani ne na abin da akasari ake yi.

Akwai kuma bambancin ƙasa. A Faransa da Jamus waƙafi ake sawa inda mu muke sa ɗigo a lamba, wato 2,5 maimakon 2.5, don haka manhajar jadawali ta Excel a can take raba gurabe da waƙafi mai ruwa. Kwamfutar da aka saita da Faransanci a Maradi za ta iya fitar da fayil ɗin da idan ya iso Katsina sai ya cunkushe a gurbi ɗaya.

Ina roƙon masu koyon rubuta manhaja su daina tsinka layi a duk inda suka ga waƙafi. Harshen rubuta manhaja na Python yana da sashen csv tun 2003, yana bin harafi ɗaya bayan ɗaya yana lura ko yana cikin alamar zance ko wajenta. Da shi na sake karanta fayil ɗin adashen nan, Fagge ta koma cikin adireshinta.