Wai Linux kyauta ce, to me ake biya kuma?

Jiya a Samaru, wajen get ɗin ABU, na ji wani mai gyaran laptop yana rantsuwa wai duk wanda ya biya kuɗi don Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, damfararsa aka yi, tunda ai kyauta ce. Maganar nan ta daɗe tana yawo, amma ba haka take ba malam.

Lasisin GPL da wanda ya ƙirƙiro Linux, Linus Torvalds, ya ɗora ta a kai tun 1992 'yanci ya ba ka, ka buɗe cikinta ka gyara ka raba wa wanda ka so, bai ce kar a sayar ba. Masu biyan kamfanonin Linux irin su Red Hat ko SUSE kulawa suke saye, wato gyaran tsaro na kusan shekara 10 da injiniyan da dole ya ɗaga waya idan sabar banki, wato babbar kwamfutarsa, ta tsaya ƙarfe biyun dare, kuma ba ƙaramar kasuwa ba ce, dala biliyan 34 IBM ta zuba ta sayi Red Hat a 2019.

Kai ɗalibi kam Debian, wani nau'in Linux na kyauta, ta ishe ka, 'yan sa kai ke riƙe da ita tun 1993. Ka yi tambaya za su amsa, sai dai ba wanda ya yi maka alkawarin yau ko jibi.