Ma'anar "menu": layuka ukun nan da ke kusurwar wayarka

Duk wanda ya taɓa danna *312# zai sayi data ya riga ya yi amfani da menu, ko da bai san sunansa ba. Jerin nan da ke fitowa, lamba ɗaya kaza, lamba biyu kaza, ka zaɓi guda ta kai ka wani jerin, to shi ne. Kalmar ta Faransanci ce, kuma a gidan abinci aka fi saninta: takardar da ake miƙo wa baƙo ya ga abin da aka dafa. Masu kwamfuta suka ara, suka laƙaba wa duk wani jerin zaɓi da na'ura ke nuna maka. A shafin intanet kuwa, menu shi ne sahun kalmomin da ke can sama, irin su "Farko", "Labarai", "Tuntuɓe mu", waɗanda in ka taɓa ɗaya za ta wuce da kai wani ɓangare na shafin.

Ni dai ɗan kamasho nake tunawa da shi. Ka shiga tasha a Katsina da jaka a hannu, ba ka san inda motarka take ba, sai ka ji ana "Daura! Daura! Saura mutum ɗaya!", can gefe wani na kiran Jibiya, wani Funtuwa. Ɗan kamasho ba shi ne direba ba, motar ma ba tasa ba ce. Aikinsa ya kira sunan gari da sunan da ka san shi, ya nuna maka motar. Haka menu yake. Kowace kalma a cikinsa mahaɗi ce da ke nuna inda abu yake, abin kansa yana ajiye a wani wuri daban.

Wannan bambancin ne ya fi rikita masu farawa. Wata ƙanwata a Daura tana sayar da turaren wuta da humra, wani yaro ya buɗe mata shafi a WordPress, manhajar da ake gina shafukan intanet da ita, ya karɓi kuɗinsa, ya yi gaba. Da na je gaisuwa bayan Sallah ta miƙo min waya, fuskar nan a murtuke.

"Yaya, duba mani. Na cire wani abu daga sama, ina jin na goge hotunan turaren nan gaba ɗaya."

Ba abin da ta goge. Sunan kawai ta cire daga menu, shafin hotunan yana nan daram, sai dai ba mai kiransa. Mota na tasha, ɗan kamasho ya tafi cin abinci. Minti biyu muka mayar da shi. Amma abin da na tarar a menun ya fi wancan damuna: kalmomi tara, duka da Turanci, biyu daga ciki ma na gwaji ne da WordPress ke zuwa da su, yaron bai ko share su ba. Matar da ke neman farashin humra sai ta wuce takwas kafin ta isa inda take so, in ma ta gane kalmar.

Bari mu dubi yadda ake shirya shi. WordPress, wanda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, bai ba mutane damar tsara menu da hannunsu cikin sauƙi ba sai a fitowa ta 3.0 a 2010. Tun daga nan tsarin kusan ɗaya ne. Ka shiga dashbod, wato wurin da mai shafi ke sarrafa shi daga ciki, ka je sashen kamannin shafi, ka buɗe wurin menu. Ka ba shi suna, wanda kai kaɗai za ka riƙa gani. A hagu akwai abubuwan da za ka iya ɗaukowa: shafukan da ka riga ka rubuta, rukunan rubuce-rubucenka, ko mahaɗin da za ka saka da kanka. Ka yi wa wanda kake so alama, ka tura shi dama. Jerin da ke dama kuwa da hannu ake ja, ka ɗaga wannan sama, ka sauke wancan ƙasa. In ka ja wani ka ɗan turo shi ciki ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya zama ɗansa ke nan, ba zai bayyana ba sai an taɓa uban. Shi ake kira menu mai saukowa. Haka muka sa "Turaren wuta" da "Humra" a ƙarƙashin "Kayanmu".

Sai matakin da kowa ke mantawa. Shirya menu daban, gaya wa shafi inda zai rataye shi daban. Kowace rigar shafi, wadda masu harkar ke ce wa tim, tana da gurabenta, yawanci ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma dole ka zaɓi gurbi sannan ka danna adanawa. Mutum zai ɓata awa guda yana jeri, ya leƙa shafin ya ga ba komai, ya ce netwok ne. Haka nan in ka sauya tim, menu kan yi ɓatan dabo. Bai lalace ba, sabuwar rigar ce ba ta san inda za ta sa shi ba, sai ka koma ka nuna mata. Wanda kuma ya nemi wurin menu a dashbod ya rasa, kada ya tayar da hankali: tun fitowa ta 5.9 a farkon 2022 akwai sabbin tim da ake gyara komai nasu daga cikin editan shafi, har da menu.

Blogger, wani dandalin buɗe shafi wanda Google ta saya a 2003, nasa ya fi sauƙi kuma ya fi ƙuntata. A sashen shimfiɗa ake ƙara ɗan akwatin shafuka, a zaɓi waɗanda za su fito. Menu mai saukowa a can ya danganta da tim ɗin da ka ɗora, wani lokaci sai an taɓa lambobin HTML, wato rubutun da aka gina shafin da shi. Wanda bai iya ba ya ajiye kwafin tim ɗinsa kafin ya sa hannu, don rigakafi ya fi magani.

To layuka ukun fa? Allon kwamfuta yana da faɗi, kalmomi shida za su jeru a layi ɗaya ba matsi. Allon waya ba shi da wannan sarari, sai a naɗe menu a ɓoye shi bayan wata alama mai layuka uku a kwance. Turawa na ce mata hambaga, wai ta yi kama da burodi biyu da nama a tsakiya. Ba sabuwa ba ce: Norm Cox ne ya zana ta saboda kwamfutar Xerox Star da ta fito a 1981, sannan wayoyin shafa suka sake fito da ita. Ɗigo uku a tsaye da ke saman WhatsApp a wayoyin Android kuwa, masu zane na kiransu kebab, wato tsire. Wannan sunan dai na yarda da shi, duk wanda ya ga tsinke da yanka uku zai gane.

Matsalar hambaga ita ce ba kowa ya san ana taɓa ta ba. Na ba wata gwaggonmu wayar na ce ta nemo farashin humra. Ta yi ta jan allo ƙasa har ta kai ƙarshe, ta dawo sama, ta sake sauka, layuka ukun na kallonta tana kallonsu.

"Ɗan nan, ni ban ga inda aka rubuta kuɗi ba."

Mace ce mai karanta Hausa sarai, tana tura saƙon murya kullum. Laifin ba nata ba ne. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi muhimmanci, kamar farashi da hanyar magana da mai kaya, bai kamata a dogara da menu kaɗai a kansa ba. A sa shi a menu, a kuma sa shi baro-baro a shafin farko. Kuma duk wanda ya shirya menu a kwamfuta ya ɗauki waya ya gwada da babban yatsa, domin masu zuwa wurinsa daga Mashi ko Mai'aduwa da waya za su zo, da data ƙidayayye.

Inda na fi tsayawa shi ne sunaye. WordPress na barin ka sauya rubutun da ke fitowa a menu ba tare da ka taɓa sunan shafin na asali ba, saboda haka ba wani uzurin barin Turanci ga masu karatu Hausawa. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna fitowa lafiya a menu. A adireshin shafi ne gara a guje su, don sukan rikiɗe zuwa tarkacen lambobi in an kwafa an tura wa wani. Sai dai Hausar ma a yi ta kasuwa. "Farashi" ya fi "Bayanan hada-hadar cinikayya". Ɗan kamasho ba ya tsayawa yi maka tarihin Bayajidda da rijiyar Kusugu, Daura kawai yake cewa. Kalma ɗaya ko biyu sun isa, kuma ni in menu ya wuce abu biyar ko shida nakan fara zargin mai shi bai yanke shawarar abin da yake sayarwa ba.

Mahaɗin da ka saka da hannunka yana bukatar kulawa ta daban. Idan ka sauya adireshin shafin da yake nunawa, shi ba zai sani ba, zai ci gaba da tura mutane kango, su tarar da lambar nan 404 mai nufin ba a samu shafi ba. A menun ƙanwata irinsa ɗaya muka bari, wanda ke buɗe hira da ita a WhatsApp. Ana rubuta wa.me, a sa karan tsaye mai jirge, sai 234, sai lambar waya ba tare da sifirin farko ba. Yaron nan bai cire sifirin ba, shi ya sa wata da watanni ba wanda ya iso ta nan.

Da muka gama, tara sun koma huɗu: Farko, Kayanmu, Farashi, Yi mana magana. Na sake miƙa wa Gwaggo wayar, na nuna mata layuka ukun sau ɗaya. Ta taɓa, ta karanta a hankali, ta danna na uku, sannan ta ɗago ta dubi ƙanwata.

"Ke, wannan 'yar kwalbar ce har kuɗi haka?"