Massah: mai awon ƙasa na gwamnati a Sudan

Duk Bahaushen da ya taɓa sayen fili a Gadarif ko ya shiga rigimar gona a Sennar ya san massah. Shi ne ma'aikacin gwamnati mai awon ƙasa, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira safiyo, ofishinsa kuma shi ne misaha.

Aiki ne na rana da ƙura. Zai kafa na'urarsa mai ƙafa uku a kusurwar fili, yaronsa ya yi nisa ya tsayar da sanda, shi kuma ya leƙa, ya rubuta. Inda ya nuna, nan za a kafa turken ƙarfe ko na siminti. A da sarƙa ake ja, yanzu GPS ta rage wahala. Daga nan sai ya koma ofis ya zana kuruki, wato ƙaramar taswirar da ke nuna tsawon filin, faɗinsa da maƙwabtansa. Da fadan yake auna gona: fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, ana raba shi kirat 24. Ba da ka ake shiga aikin ba, Jami'ar Khartoum ma tana da sashen koyar da shi a tsangayar injiniya.

Me ya sa maganarsa ke da nauyi haka? Tun 1925, shekarar da aka kammala madatsar Sennar aka fara noman auduga na Jazira (yankin da ke tsakanin rassan Nilu biyu) gadan-gadan, Turawan Ingila suka kafa dokar yi wa ƙasa rajista. Amma awon bai wuce bakin kogin Nilu da Jazira da birane ba. A 1970 gwamnatin Numairi, shugaban Sudan na lokacin, ta ce duk ƙasar da ba ta da rajista ta gwamnati ce, kuma dokar 1984 da ta maye gurbinta ba ta sauya wannan tushe ba. Nan gizo ke saƙar. Mutanenmu da yawa sun sare daji da hannunsu, sun noma dawa da riɗi tun zamanin kakanni, da izinin shehun gari kawai. Ranar da aka yanka wurin a matsayin mashru'i, wato gandun noman tarakta mai fadan 1,000, takarda ce za ta yi magana, shaidar dattawa kuwa sai dai a saurare ta don kunya. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Sai dai a yi wa massah adalci. Ba shi ke ba da ƙasa ba, ba shi ke ƙwacewa ba. Awo yake yi, ya sa hannu. Mallaka tana ofishin rajistar filaye, kuma takardar da ke tabbatar da ita ita ce shahadat bahas, mai ɗauke da sunan mai fili da lambar filin. Mutane da dama sun biya kuɗi don an nuna musu kuruki mai tambari, daga baya suka tarar filin sunan wani yake ɗauke da shi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, iyalai da yawa sun gudu sun bar takardunsu. Wanda nasa ke hannu ya ɗauki hotonsu a waya, ya tura wa ɗan uwa a wani gari. Wanda zai sayi fili kuma ya nemi sabuwar shahadat bahas, sannan ya je da massah ya nuna masa turakun nan huɗu kafin ya miƙa ko fam ɗaya.